Tarihin Hira da Na'ura: Daga Amurka zuwa Zangon Lome

A shekarar 1966 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna ELIZA, wadda ake rubuta mata magana ta ba da amsa. Ba ta fahimtar komai. An dai tsara mata cewa in ta ga kalma kaza a cikin jimla, ta mayar da tambaya kaza. Wannan shi ake nufi da tsarin hira, wato a shata wa zance hanya tun kafin a fara shi. Ɗalibin Hausa ya san irinsa a gaisuwa: in an ce "Ina gajiya?" ana sauraron "Ba gajiya."

Bayan shekara 54, irin wannan tsari ya shiga rayuwar talakawan ƙasar Togo. A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta sa aka hana fitar dare a Lome, gwamnati ta kafa shirin tallafi mai suna Novissi, ma'ana 'yan'uwantaka da harshen Ewe. Minista Cina Lawson ce ta jagoranci aikin. Babu zuwa ofis, babu buƙatar intanet. Mutum zai danna *855# ko da a ƙaramar waya, tambayoyi su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ba da lambar katin zaɓensa, sai na'ura ta duba sana'arsa da mazauninsa a rajistar masu zaɓe. In ya cancanta, kuɗi su shigo ta T-Money ko Flooz: mace sefa 12,250 a wata, namiji 10,500. Fiye da mutum dubu 500 suka amfana a zagayen farko.

To, a nan ne Zango ya shigo. Unguwa ce ta Hausawa da sauran baƙi Musulmi, 'yan kasuwar shanu da goro, wadda hukuma ta rushe a 1977 ta mayar da mutanenta can arewacin birni. Michel Agier ya wallafa littafi a kan fataken unguwar a 1983. A cikin mazaunanta akwai 'yan Togo haifaffu, akwai kuma waɗanda suka zo daga Nijar da Nijeriya. Duk dokar hana fita ɗaya ta hau kansu, amma hirar ta raba su tun daga tambayar kati, domin baƙo ba shi da katin zaɓe. Masu tsarin suna da hujja, don an yi zaɓe a Fabrairun wannan shekara, rajistar kuwa ta fi kowace takardar shaida yaɗuwa a ƙasar. Sai dai ba a shata wani reshe a hirar ba domin mai cewa "Ba ni da kati, amma a nan nake sana'a." A al'adar Zango, maigida ne ke tsaya wa baƙon da ba a sani ba a kasuwa. Na'urar ba ta tambayar sunan maigida.