Daga Walimar Sauka zuwa Kyautar Jami'a: Karrama Ɗaliban Ilmin Halittu

Karrama ɗalibi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Sai dai walimar saukar Alƙur'ani ana yi wa duk wanda ya kai ƙarshen karatu ne, ko da wasu sun riga shi. Makarantun boko su ne suka kawo ranar raba kyaututtuka, inda ake fifita wanda ya tsere wa tsara a maki. Cikinsu akwai Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, da makarantar 'yan mata ta Kakuri, kudu da kogin Kaduna, wadda gwamnati ta karɓa daga 'yan mishan, aka raɗa mata sunan Sarauniya Amina.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, al'adar ta iske masu nazarin tsirrai da dabbobi, aka riƙa karrama zakaransu ranar yaye ɗalibai. Ma'aunin kuwa jarrabawa ce da Ingilishi. Alhali tun 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, ilmin da manoma da masu magani suka daɗe da riƙewa. Ya kamata masu ba da kyauta su sanya wannan ilmi cikin ma'auninsu.