Haraji, Man Fetur da Haƙƙin Tambaya

Gwamnati tana da manyan hanyoyi biyu na samun kuɗin shiga: ko dai ta karɓi wani kaso daga gumin 'yan ƙasa, wanda shi ne haraji, ko kuma ta haƙo abin da ke binne a ƙarƙashin ƙasa ta sayar. Masana tattalin arziki kan auna wace hanya ta fi kawo kuɗi, amma abin da ya fi damun falsafar mulki shi ne irin dangantakar da kowace hanya take ƙullawa tsakanin mai mulki da wanda ake mulka.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin ɗacin haraji. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali, wato harajin shanu, cikin zaluncin sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙ, sai dai jangalin bai mutu ba, domin Turawan mulkin mallaka sun tarar da shi, suka tsara shi, suka ɗora karɓarsa a wuyan mai unguwa da dagaci da hakimi har ya isa baitulmalin En'e. Magidanci kan sayar da akuya ko ɗaurin gero don ya biya haraji, makiyayi kuwa kan ɓoye shanunsa a daji idan ya ji masu ƙirga sun nufo ruga. Wannan raɗaɗi ne ya ba jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ƙarfin jan talakawa, domin wanda aka karɓi kuɗinsa a tafin hannunsa ya san yana bin hukuma bashin bayani.

Soke haraji da jangali da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka yi bayan hawansu mulki a 1979 adalci ne da talaka ya daɗe yana nema. Amma abin lura shi ne, kuɗin man fetur, wanda aka fara ganowa a Oloibiri a 1956, su ne suka sa jihohi za su iya rayuwa ba tare da sisin manomi ba. A 1970 masani ɗan ƙasar Iran Husaini Mahdawi ya bayyana irin wannan ƙasa da cewa mai cin kuɗin haya ce, wato wadda dukiyarta ke zuwa daga waje, ba daga aikin jama'arta ba, don haka ba ta da buƙatar yardarsu kafin ta kashe. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya damƙa dukkan ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, kuma kowane wata ake raba abin da ya shiga asusun tarayya tsakanin Abuja da jihohi da ƙananan hukumomi, bayan an ware wa jihohi masu mai kashi 13 cikin ɗari. A irin wannan tsari gwamna ya fi kallon farashin gangar mai fiye da damina, asibiti da rijiya kuma suka koma tamkar kyautar da ake yi wa godiya, alhali haƙƙi ne.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka talaka ya daina biyan haraji. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, ya fara aiki a 1994, aka kuma ɗaga shi zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, kuma mai sayen katin waya yana biyansa ba tare da an miƙa masa rasidi da sunansa ba. Hukuma tana karɓa kamar dā, sai dai mai biyan bai san ya biya ba, balle ya san ƙofar da zai tsaya ya tambayi inda kuɗin suka tafi.