Dissidia Final Fantasy: tarihin wasan faɗan da aka ɗinka daidai tafin hannu

Dissidia Final Fantasy wasan bidiyo ne na faɗa da kamfanin Square Enix na ƙasar Japan ya ƙirƙira domin na'urar hannu ta PlayStation Portable, wadda aka fi sani da PSP. Ya fito a Japan ranar 18 ga Disamba, 2008, ya isa Amurka ta Arewa ranar 25 ga Agusta, 2009, sannan Turai a farkon Satumbar shekarar. An tsara shi ne cikin bukukuwan cikar jerin wasannin Final Fantasy shekara 20, ko da yake ya makara da shekara guda, domin wasa na farko ya fito ne ranar 18 ga Disamba, 1987. Kalmar Dissidia daga Latin aka samo ta, ma'anarta saɓani. Mutane da yawa suna tuna wasan saboda ya tara taurarin jerin a fili ɗaya suna gwabzawa, amma wannan ba sabon abu ba ne, Nintendo ta riga ta yi irinsa da Super Smash Bros. tun 1999. Abin da ya ba shi gurbi a tarihi shi ne masu shirya shi sun dubi na'urar da za a riƙe da mutumin da zai riƙe ta, suka sake gina dokar faɗa tun daga tushe domin ta dace da su biyun.

Tunanin ya faro ne daga Tetsuya Nomura, mai zanen taurarin Final Fantasy VII kuma jagoran jerin Kingdom Hearts. Lokacin da ake aikin Kingdom Hearts II ya yi niyyar fitar da wasan faɗa da taurarin Disney a matsayin reshen jerin, daga baya zuciyarsa ba ta kwanta da ganin su suna dukan juna ba, sai ya maye gurbinsu da mutanen Final Fantasy. Yoshinori Kitase ne furodusa, Takeshi Arakawa yana cikin jagororin aikin, Takeharu Ishimoto ya yi kiɗa. Nomura ya sake zana taurarin, kuma a kan tsofaffin, waɗanda a wasanninsu na asali 'yan ɗigo-ɗigo ne a allo, ya koma ga zanen Yoshitaka Amano ya ɗauko siffarsu daga can. Asalin nan na Kingdom Hearts bai ɓace ba. Yana nan a yadda mayaƙi ke gudu a jikin bango, ya zame a kan igiyar haske, ya bi abokin gabarsa sama su ci gaba da sara da kaucewa ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba.

Matsalar da masu shirya wasan suka tarar iri biyu ce. Wasannin faɗa da suka bi sawun Street Fighter II na 1991 an haife su ne a gidajen wasa, inda akwai sandar juyawa da madannai 6, kuma gwaninta a cikinsu ita ce murza sanda da danna madanni cikin ƙiftawar ido. PSP kuwa ɗan ƙaramin majuyi ɗaya gare ta, da madannai 4 a fuska da 2 a kafaɗa, da allo mai inci 4.3. Na biyu, masu sayen Final Fantasy mutane ne da suka saba da zaɓar umarni daga jeri, da lissafin lambobi, da renon jarumi na tsawon sa'o'i. Amsar da aka bayar ita ce raba hari gida biyu. Kowane mayaƙi yana da jini, kamar a kowane wasan faɗa, sannan yana da wata lamba ta daban, ma'aunin jarumta. Madanni mai da'ira yana kai harin jarumta, wanda ba ya taɓa jinin abokin gaba, sai dai ya kwashe jarumtarsa ya ƙara a kan taka. Madanni mai kusurwa huɗu yana kai harin jini, kuma ɓarnar da zai yi daidai take da yawan jarumtar da ka tara a wannan lokacin. Da zarar harin ya samu, jarumtarka ta koma sifili, sai ta sake taruwa a hankali. A nan haɗarin yake, domin wanda aka ƙarar masa da jarumta ya karye, harin jininsa ba ya cin komai har ya farfaɗo, kuma wanda ya karya shi ya kwashe tarin jarumtar da ke ajiye a filin. Lambar tana iya kaiwa 9999, abin da ke nufin bugu ɗaya kan iya gama wanda bai rasa ko ɗigon jini ba.

Sakamakon wannan doka shi ne gwaninta ta tashi daga yatsa ta koma kai. Ba a buƙatar murza komai, kowane hari madanni ɗaya ne haɗe da ɓangaren da aka karkata majuyi. Abin da ake tambayar mai wasa a kowace daƙiƙa shi ne ko zai kashe abin da ya tara yanzu ya bar kansa a buɗe, ko zai ci gaba da tari alhali kuskure ɗaya na iya mayar da dukiyar hannun abokin gaba. Lissafin ɗan kasuwa ne a cikin rigar faɗa. A kan wannan aka ɗora wani ma'auni da ke cika idan an tsinci ƙwayoyin haske da ke zuba yayin gwabzawa, wanda idan ya cika mayaƙi ya rikiɗa zuwa siffarsa mafi ƙarfi ya yi babban harin da aka san shi da shi a wasansa na asali.

Masu suka suna cewa wannan ba wasan faɗa ba ne na gaskiya, kuma hujjarsu tana da nauyi. Mayaƙi yana hawa mataki har zuwa 100, yana sa makamai da sulke da kayan ƙarin ƙarfi, yana kiran dodannin taimako, don haka wanda ya fi daɗewa yana wasa zai iya murƙushe wanda ya fi shi iyawa. Suna kuma nuna Tekken: Dark Resurrection na 2006, wanda ya zauna daram a PSP ba tare da an sauya dokarsa ba. Amma Tekken dama madannai 4 yake amfani da su, kuma masu sayensa sun riga sun iya shi. Game da adalci kuwa, ma'aunin da ake auna wasan gidan wasa da shi, inda baƙi biyu ke jefa kuɗi su fara daga wuri ɗaya, ba shi ya kamata a ɗauko ba ga wasan da mutum ɗaya ke ɗauke da shi a jirgin ƙasa wata da watanni. Tsarin kansa yana faɗar haka: akwai kalanda a ciki, mai wasa yana zaɓar rana ɗaya a mako da ladarsa ke ƙaruwa, kuma yawancin karawa 'yan mintoci ce. An gina shi domin a dawo gobe. Duk da haka kamfanin ya ji ƙorafin, domin bugun Amurka da Turai ya zo da wani yanayi mai mayaƙan da aka riga aka daidaita ƙarfinsu. Aibin da ba shi da kariya shi ne kyamara, wadda ke rikicewa a ƙuntatattun filaye tun da babu majuyi na biyu da za a sarrafa ta da shi.

Labarin ya kafu ne a kan yaƙi tsakanin Cosmos, gunkiyar jituwa, da Chaos, gunkin saɓani. Kowanensu ya kira mayaƙa 10, ɗaya daga kowane wasa, daga na farko zuwa na 10: Cloud da Sephiroth, Terra da Kefka, Squall da Ultimecia, Zidane da Kuja, da sauransu, sai Shantotto da Gabranth da ake buɗewa daga baya, jimilla 22. Cosmos ta tura nata neman duwatsun lu'ulu'u, kowa ya samo nasa bayan ya fuskanci abokin gabarsa, sai Chaos ya hallaka ta, a nan suka gane cewa ragowar ƙarfinta ne ta zuba a duwatsun domin kada su ɓace tare da ita. Daga baya aka bayyana cewa an sha yin wannan yaƙi, dodon Shinryu yana share fage a sake sabon zagaye. Gaskiya ne maganganun jaruman suna da maimaici, kowa na jujjuya damuwarsa guda ɗaya, kuma wanda bai san wasannin asali ba zai ji kamar ya shiga taron dangin da ba nasa ba. Inda labarin ya yi kyau shi ne inda gaba ta haɗu da jini. An zaɓi Jecht, mahaifin Tidus, a matsayin abokin gabar ɗansa maimakon Seymour wanda ya fi kama da mugun Final Fantasy X, kuma Golbez, wan Cecil, yana cikin rundunar Chaos amma zuciyarsa na ɗaya gefen. Batun zagaye ma ba a ƙirƙiro shi don cike gurbi ba, daga wasan 1987 aka ɗauko shi, inda Garland ke cikin da'irar zamani ta shekara 2000, kuma ya dace da wasan da ake bin labarinsa sau 10 da jarumai 10. A ƙarshe Warrior of Light, jarumin wasa na farko, yana tafiya zuwa fadar Cornelia da lu'ulu'u a hannu, wato daidai inda jerin ya fara.

Kasuwa ta karɓe shi, ya sayar da kusan kwafi rabin miliyan a makon farko a Japan. A Maris 2011 aka fitar da Dissidia 012, wanda ya koma zagaye na 12, ya ƙara Lightning da Tifa da Kain da Yuna da wasu, da dabarar kiran mataimaki a tsakiyar faɗa. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙarfafa hujjar da ke sama. A 2015, tare da Team Ninja, aka kai Dissidia gidajen wasa a matsayin karawar uku da uku, aka cire yawancin renon jarumi da kayan yaƙi, wato aka ba masu suka abin da suka nema. Da wannan siga ta iso PlayStation 4 a Janairu 2018 da sunan Dissidia Final Fantasy NT, ra'ayin masu sharhi ya rabu, kuma a 2020 aka daina yi mata ƙari. Opera Omnia, reshen da ya koma wayar hannu a 2017 ya mayar da faɗan na bi da bi amma ya riƙe dokar jarumta da jini tare da renon mayaƙa, shi ya ci gaba har Fabrairu 2024.