Ƙungiyar Ma'aikatan Kwamfuta a Nijeriya: Asalinta da Ayyukanta

Gabatarwa

Kowace sana'a da jama'a suka dogara da ita takan kai wani matsayi inda ya zama tilas a san wane ne gwaninta, wa ya shaida gwanintarsa, kuma wa za a tuhuma idan aiki ya ɓaci. Ƙasar Hausa ta daɗe da tsarin da ya amsa waɗannan tambayoyi. Akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina, kowanne yana sasanta rigimar mutanensa, yana tsawata wa mai ha'inci, yana kuma kai kukansu fada. Da sana'o'in boko suka kafu, sai doka ta ɗauki wannan aiki. An yi wa akantoci tasu dokar a shekarar 1965, injiniyoyi kuma suka sami hukumar rajista a 1970. Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin yadda ma'aikatan na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, suka nemi irin wannan matsayi a Nijeriya, a ga abin da suka samu da abin da ya gagare su.

Kafin Kafa Ƙungiya

A shekarar 1963 kamfanin IBM na Amurka ya buɗe wata cibiyar horo a Jami'ar Ibadan, kuma daga nan ne galibin marubuta suke fara lissafin tarihin kwamfuta a jami'o'in ƙasar nan. Na'urar wancan zamani takan cika ɗaki guda, ba ta jure zafi, sai an sanyaya mata wuri dare da rana. Ba a yi mata magana kai tsaye. Mai tsara umarni zai rubuta abin da yake so a takarda, cikin harshen FORTRAN idan lissafi ne, ko COBOL idan harkar kuɗi ce. Daga nan wani ma'aikaci ya hudhuda katuna masu layi 80, a jera su, a miƙa wa mai kula da na'ura, a koma a jira sakamako. Kuskuren harafi ɗaya yakan mai da aikin yini baya.

Saboda tsadar wannan na'ura, masu ita ƙalilan ne: jami'o'i, bankuna, kamfanonin mai, da wasu manyan hukumomin gwamnati. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta yi fice, kuma cibiyarta ta kwamfuta tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Abin lura shi ne, yawancin ma'aikatan farko kamfanonin da suka sayar da na'urorin ne suka horar da su. Saboda haka shaidar gwanintar mutum tana hannun ɗan kasuwar da ya kawo kayan daga waje.

Kafuwar COAN a 1978

Shekarun 1970 zamanin kuɗin mai ne, ma'aikatu suka faɗaɗa, na'urori suka yawaita. A lokacin ne kuma gwamnatin soja ta yi dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, ta farko a 1972, ta biyu a 1977. Dokar ta biyu ta tilasta wa kamfanonin waje su sayar wa 'yan Nijeriya wani kaso na hannun jarinsu. IBM bai yarda da wannan sharaɗi ba, ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar a 1978, kamar yadda ya bar Indiya a wannan shekara bisa dalili makamancin wannan. Na'urorin da ya sayar kuwa suna nan, suna bukatar gyara da masu sarrafa su.

A wannan shekara ta 1978 aka kafa Ƙungiyar Kwamfuta ta Nijeriya, wadda aka fi sani da COAN. Ba ita ce irinta ta farko a duniya ba, domin Amurka ta kafa tata a 1947, Ingila kuma a 1957. Amma yanayin da ta taso a ciki ya ba ta wani nauyi na daban. Malaman jami'a da ma'aikatan bankuna da na gwamnati sun ga cewa idan ba su haɗa kai ba, babu mai magana da yawun sana'ar, kuma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ayyukan ƙungiyar tun farko iri uku ne. Na ɗaya, taron shekara-shekara, inda ake gabatar da takardun bincike, a buga su. Na biyu, rarraba membobi hawa-hawa bisa ilmi da daɗewa a aiki, daga ɗalibi har zuwa babban memba. Na uku, bai wa gwamnati shawara. Sai dai ƙungiya ce ta sa-kai. Wanda ya ga dama ya shiga, wanda bai ga dama ba babu mai hana shi aiki.

Ƙaramar Na'ura da Neman Doka

Wannan rauni bai fito fili ba sai da ƙaramar kwamfuta ta kan tebur ta bazu, musamman bayan 1981 da IBM ya fitar da tasa. Abin da a da sai babbar hukuma ke iya saye ya zama ɗan kasuwa ma yana iya mallaka. A 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilmi, Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, aka fara da kwalejojinta. Makarantun horo masu zaman kansu suka tsiro a birane, kowace tana ba da takardar shaida, ba tare da wani ma'auni guda da za a gwada su da shi ba. Shugaban ma'aikata da zai ɗauki mutum aiki, ko ya ba da kwangila, ba shi da hanyar rarrabe tsakanin aya da tsakuwa.

Wannan ne ya sa COAN ta dage wajen neman doka. Ta samu a shekarar 1993, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi Dokar Soja mai lamba 49, kwana biyu kacal kafin zaɓen 12 ga Yuni. Dokar ta kafa Hukumar Rajistar Ma'aikatan Kwamfuta ta Nijeriya, watau CPN, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya. An ɗora mata tsai da matakin ilmin da ake bukata ga mai shiga sana'ar, da ajiye littafin rajista, da shirya jarrabawa, da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. Dokar ta kuma mai da yin sana'ar don neman kuɗi ba tare da rajista ba laifi.

Ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su fahimci bambancin nan, domin sau da yawa akan haɗa su. Ƙungiya ta membobinta ce, su suke zaɓen shugabanninta, aikinta kare sana'a da ciyar da ita gaba. Hukumar rajista kuwa ta gwamnati ce, aikinta kare jama'a daga wanda bai iya ba. Haka abin yake ga injiniyoyi da likitoci. A wannan shekara ta 1993 ne kuma ɗaliban fannin suka kafa tasu ƙungiyar, NACOSS, a ƙarƙashin inuwar uwar ƙungiya.

Daga COAN zuwa NCS

Shekarun 1990 sun zo da sababbin rukunonin ma'aikata. Masu sayar da na'urori sun yi ƙungiyarsu, haka masu tsara manhaja, haka masu haɗa mutane da intanet. Muryoyi suka yi yawa a daidai lokacin da gwamnatin farar hula ta Cif Olusegun Obasanjo ta fara ɗaukar manyan matakai. A shekarar 2001 kaɗai an yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairu, an amince da manufar ƙasa kan fasahar sadarwa a Maris, an kafa hukumar NITDA a Afrilu a ƙarƙashin Farfesa Gabriel Ajayi, sa'an nan layukan salula suka fara aiki a Agusta.

Ganin haka, aka zauna aka daidaita. A 2002 COAN ta rikiɗe ta zama NCS, ta zama rumfa ga sauran ƙungiyoyin, kowace tana riƙe da sunanta da harkokinta. Sabuwar ƙungiyar ta ci gaba da taron shekara, tana kai shi jihohi daban-daban, tana buga mujallar bincike, tana ba da lambobin yabo, ta kuma kafa rassa a jihohi da sashen mata. Dokokin da ma'aikatan fannin suka daɗe suna kira a yi sun zo ɗaya bayan ɗaya: dokar NITDA a 2007, wadda ta ɗora harajin kashi 1 cikin 100 na riba a kan wasu manyan kamfanoni don bunƙasa fasahar, dokar laifuffukan intanet a 2015, da dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Abin da Ya Rage

Da za a auna nasarar ƙungiyar da dokokin da aka yi, da sai a ce ta gama aikinta. Amma akwai matsaloli uku da tarihin ya bari a buɗe.

Ta farko, sana'ar ba ta da ƙofa ɗaya. Likita ba ya zama likita sai ya bi ta makaranta da asibiti, saboda haka tsare ƙofarsa abu ne mai sauƙi. Mai tsara manhaja kuwa yana iya koyo a ɗakinsa, ya yi wa kamfanin wata ƙasa aiki, ba tare da an tambaye shi lambar rajista ba. Dubban matasa da ke gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, sun koyi aikin ne a hannun ubangida, kuma ƙungiyoyin kasuwarsu ne ke sasanta su, kusan kamar yadda Sarkin Maƙera yake yi. Dokar 1993 an tsara ta ne a zamanin da ma'aikatan suke ƙalilan, ana iya ƙirga su a ofisoshi.

Ta biyu, nauyin da ke kan sana'ar ya ƙaru ƙwarai. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya fara a 2007, lambar BVN ta bankuna a 2014, hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, a shekarar da aka yi amfani da na'urar tantance katin zaɓe. Yanzu idan an yi kuskure a tsari, albashin ma'aikaci ne ke tsayawa, ko ɗalibi ya rasa shekara guda, ko a yi jayayya a kan ƙuri'a. Wanda abin ya shafa yana da haƙƙin sanin wa ya tsara aikin, da wace shaida aka ba shi, kuma gaban wa za a kai ƙara. A nan ne littafin rajista da kwamitin ladabtarwa suke da amfani, muddin ma'aikatun da ke ba da kwangila suna duba su.

Ta uku, harshe. Harkokin ƙungiyar da Ingilishi ake yin su, alhali miliyoyin masu riƙe da waya da Hausa ko Yarabanci ko Ibo suke tunani. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kuma tsarin Unicode ya tanade su tun farkon shekarun 1990, amma har yau akwai takardun hukuma da rumbunan bayanai da ke rubuta sunan mutum ba tare da su ba. Ƙirƙirar kalmomin fasaha kuma aiki ne da masanin harshe ba zai iya shi kaɗai ba, haka ma masanin na'ura.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna matakai uku: haɗa kai a 1978, samun doka a 1993, da daidaita muryoyi a 2002. Kowane mataki amsa ce ga canjin da ya auku a sana'ar kanta. Canjin da ake ciki yanzu ya fi na baya girma, domin na'urar da a da take kulle a ɗaki mai sanyi tana aljihun manomi da ɗan tireda. Aikin da ke gaban ƙungiyar da hukumar rajista shi ne su samo hanyar shaida gwanintar wanda ya koya a kasuwa, su jawo shi ciki. Aikin ma'aikacin gwamnati shi ne ya tambayi shaida kafin ya sa hannu a kwangila. Ɗalibi kuwa ya san cewa takardar digiri mafarin tafiya ce, kuma amanar bayanan jama'a ita ce abin da za a fi tambayarsa a kai.