Tafiya Zuwa Wata a Ƙagaggun Labarai

Labarin mutumin da ya bar doron ƙasa ya tafi duniyar wata yana daga cikin tsofaffin jigogin da marubuta ƙagaggun labarai suka daɗe suna maimaitawa. Wajen shekara 1800 ke tsakanin rubutaccen labari mafi tsufa irin wannan da ya iso hannun mutanen yau da ranar da ɗan Adam ya taka watan da ƙafarsa. Duk marubucin da ya ɗauki jigon sai ya amsa tambaya biyu: me zai kai matafiyin, kuma me zai tarar idan ya isa. Amsar ta farko tana bin ilimin zamanin marubucin. Ta biyu kuwa galibi hanya ce ta faɗa wa mutanen ƙasa gaskiyar da ba a iya faɗa musu ido da ido.

Lucian, mutumin Samosata da ke bakin Kogin Furat a ƙasar Turkiyya ta yau, shi ake fara ambata. Ya yi rubutu da Girkanci a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. A labarinsa guguwa ce ta sure jirgin ruwa da mutanen ciki, ta yi kwana bakwai tana gudu da su a sama, a rana ta takwas suka sauka a wata. Sun tarar da sarkin wata yana shirin yaƙi da sarkin rana a kan wanda zai mallaki gamzaki. Tun a gabatarwa Lucian ya shaida wa mai karatu cewa duk abin da zai faɗa ƙarya ne, domin manufarsa ita ce ya tona asirin marubuta tarihi da matafiya masu shara ƙarya suna kiranta gaskiya. A 1516 mawaƙin Italiya Ludovico Ariosto ya aika wani jarumi mai suna Astolfo zuwa wata, inda aka tara duk abin da ya ɓace wa mutane a duniya, har da hankalin waɗanda suka zauce, an zuba kowanne a kwalbarsa. Ga waɗannan marubuta biyu abin hawa ba shi da muhimmanci, tunda babu wanda ya san ko wata wuri ne da za a iya takawa.

Madubin hangen nesa ne ya sauya lamarin. A 1609 Galileo ya auna wata da nasa madubin, a 1610 kuma ya buga littafin da ya nuna cewa akwai duwatsu da kwaruruka a kansa. Daga nan wata ya zama ƙasa kamar kowace ƙasa, dole marubuci ya yi tunanin hanya.

Wanda ya fara ɗaukar wannan hanya da gaske shi ne masanin taurari na Jamus, Johannes Kepler. Littafinsa Somnium, wato mafarki, ya fito a 1634, shekara huɗu bayan rasuwarsa. Abin hawan da ya zaɓa na tatsuniya ne: aljanu ke ɗaukar mutum, suna bi ta cikin inuwar da ƙasa ke jefawa lokacin husufi. Amma sauran bayanin lissafi ne tsantsa. Ya ce fizgar farko tana da tsanani, don haka sai an ba matafiyi maganin barci, a kuma toshe masa hanci da jiƙaƙƙen soso saboda wahalar numfashi. Ya bayyana cewa yini guda a wata ya kai kimanin mako biyu na ƙasa, dare ma haka, ya kuma siffanta halittun da za su iya jure irin wannan zafi da sanyi. Bayanan da ya ƙara a ƙarshen littafin sun fi labarin kansa tsawo. Akwai ɓangare mai ban tausayi a tarihin wannan aiki. Uwar yaron da ke cikin labarin mai hulɗa da aljanu ce, kuma bayan rubutun ya zaga hannun mutane, an tuhumi mahaifiyar Kepler da maita, aka tsare ta fiye da shekara guda kafin a sake ta a 1621. Kepler ya yi imani cewa labarin nasa na cikin abin da ya jawo mata wannan fitina.

Marubutan da suka biyo baya a wannan ƙarni sun fi sakin jiki. Francis Godwin, wani bishop na Ingila, ya ɗaure gwarzonsa ɗan ƙasar Sifen a jikin wata kujera da tsuntsaye masu kama da dinya ke ja, ba tare da mutumin ya san cewa wata ne wurin ƙaurarsu ta shekara-shekara ba. Littafin ya fito a 1638. Cyrano de Bergerac na Faransa, a littafin da aka buga a 1657, ya sa gwarzonsa ya rataya kwalaben raɓa a jiki, da tunanin cewa rana za ta zuƙe raɓar ta ɗaga shi. Dabarar ta kai shi Kanada kawai. A yunƙuri na biyu ne rokokin wasan wuta da aka jera hawa-hawa suka cilla shi sama, abin da ya sa masu nazari ke yawan ambatonsa idan ana maganar asalin tunanin roka.

Irin ƙishirwar da jama'a ke yi wa waɗannan labarai ta bayyana a watan Agustan 1835, lokacin da jaridar The Sun ta birnin New York ta buga jerin rahotannin ƙarya cewa masanin taurari John Herschel ya hango mutane masu fukafukan jemage a wata. Mutane da yawa sun gaskata.

Jules Verne ne ya mayar da jigon aikin injiniya. A littafinsa na 1865, maƙeran igwa na birnin Baltimore da yaƙin basasar Amurka ya ƙare ya bar su ba aiki sun haƙa igwa mai tsawon ƙafa 900 a cikin ƙasa kusa da Tampa a jihar Florida, suka harba mutum uku a cikin harsashi na alminiyom. Verne ya lissafa gudun da ake bukata don kuɓuce wa jan ƙasa, kuma lissafin ya yi kusa da daidai. Kuskurensa babba shi ne igwar kanta, don ƙarfin harbin zai niƙe duk wanda ke ciki nan take. A littafi na biyu, wanda ya ci gaba da labarin, matafiyan sun zagaya wata ba su sauka ba, suka faɗo a Tekun Fasifik. H. G. Wells ya bi wata hanya a 1901. Ya ƙirƙiro wani sinadari da ke tare jan ƙasa, bai damu da yadda ake haɗa shi ba, abin da Verne ya yi ƙorafi a kansa a wata hira. Hankalin Wells yana kan mazauna wata: halittu masu kama da ƙwari da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, ana tanƙwara jikin kowanne tun yana ƙarami don aiki guda ɗaya tak. Da wani masani daga ƙasa da ya maƙale a can ya ba shugabansu labarin yaƙe-yaƙen mutane, sai aka katse saƙonninsa zuwa ƙasa. Wannan babi na daga cikin mafi ƙarfi da aka taɓa rubutawa a kan jigon, kuma ya komar da shi ga aikin da Lucian ya fara sa shi. Georges Méliès ya haɗa igwar Verne da halittun Wells a fim ɗinsa na 1902, wanda hotonsa na kumbo da ya cake a idon wata ya shahara har yau.

Daga nan labari ya fara haifar da masu aiki. Konstantin Tsiolkovsky, malamin makaranta a garin Kaluga na Rasha, ya ce Verne ne ya fara karkato da tunaninsa zuwa sararin samaniya, kuma a 1903 ya buga lissafin da ya nuna cewa roka ce za ta iya wannan tafiya. Robert Goddard na Amurka, wanda littattafan Wells suka burge tun yana saurayi, ya harba rokar farko mai amfani da mai na ruwa a 1926. Hermann Oberth, shi ma ɗalibin littattafan Verne, ya zama mai ba da shawara a fim ɗin Fritz Lang na 1929 kan tafiya wata. A wannan fim aka nuna ƙidaya ta baya-baya kafin harba roka don a ɗaga hankalin 'yan kallo, al'adar da masu harba rokar gaske suka ɗauka daga baya. Wernher von Braun, wanda ya taimaka wa Oberth yana matashi, shi ya jagoranci ƙera rokar Saturn V.

A watan Disambar 1968 kumbon Apollo 8 ya tashi daga Florida da mutum uku, ya zagaya wata, ya sauka a Tekun Fasifik, kusan yadda Verne ya tsara. Ranar 20 ga Yuli, 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a wata. A wannan shekara ce Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya, wanda ake lissafawa cikin farkon labaran kimiyya da aka rubuta da Hausa. Tsakanin 1969 da 1972 mutum 12 suka taka wata, ba su tarar da sarki ko halitta mai rai ba. Marubuta sai suka kwashe baƙin halittunsu zuwa taurari masu nisa, wata kuma ya koma wurin da mutane da kansu ke zama suna haƙar ma'adinai. Robert Heinlein ya riga ya shiga wannan babi a 1966 da labarin fursunoni da zuriyarsu da suka yi wa hukumomin ƙasa tawaye daga can, kuma fim ɗin Moon na 2009 ya bi sawunsa da labarin ma'aikaci guda da kamfani ya ajiye shi kaɗai a tashar haƙa.