Kukan Clare Torry

A watan Maris na 1973 ne mawaƙan Pink Floyd na Ingila suka fitar da faifansu The Dark Side of the Moon, wanda suka naɗa a Abbey Road, birnin Landan. Ni ban san da shi ba sai ina makarantar horon malamai, da wani mushenmu ya ara mini tsohon kaset ɗinsa. Ba na jin Ingilishi, amma na ji bugun zuciya a farkon faifan da ƙarshensa, na ji ƙarar agogo.

Muryar Clare Torry ce ta riƙe ni. Waƙar a kan mutuwa take, aka ce mata ta rera ba tare da kalmomi ba. Fam 30 kawai aka biya ta. Sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sa sunanta cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Daren addu'ar bakwai ta mahaifina na kunna ta a waya, ƙasa-ƙasa kada maƙwabta su ji. Kukan da na yi mako ina haɗiyewa a gaban ƙannena, a nan ya ƙwace mini.