Gasar Ƙwallon Yashi ta Ƙasashen Turai: Tarihinta da Yadda Wasan Ya Iso Arewacin Nijeriya

Gasar Ƙwallon Yashi ta Ƙasashen Turai, wadda ake taƙaita sunanta da EBSL, gasa ce ta shekara-shekara tsakanin tawagogin maza na ƙasashen Turai, ana buga ta a kan yashi babu takalmi. An fara ta a 1998, kuma da damina ake yin ta a lissafinmu na nan, wato lokacin zafinsu. Ba hukumar UEFA ce ke shirya ta ba. Tana hannun wata ƙungiya mai suna Beach Soccer Worldwide, wadda hedikwatarta ke Barsalona, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da FIFA. Wasan dai ɗan bakin teku ne, amma tarihin gasar ya nuna cewa ƙasashen da ba su da teku ma sun ci moriyarsa, kuma ta wannan ƙofa ya shigo har Birnin Kebbi da Kaduna.

Asalin wasan

A gaɓar tekun Birazil wasan ya girma, musamman a Kofakabana ta birnin Riyo, inda matasa suka daɗe suna taka leda a kan rairayi ba tare da wata doka rubutacciya ba. Sai a 1992 aka zauna aka tsara masa dokoki. A 1993 aka yi gasar ƙwararru ta farko a Mayami ta Amurka, a 1995 kuma aka buga gasar duniya ta farko a Kofakabana, mai masaukin baƙi ta lashe. Tsofaffin taurarin Birazil irin su Zico da Júnior, waɗanda suka riga suka rataye takalmansu a wasan ciyawa, su ne suka fara jawo 'yan kallo da gidajen talabijin.

Ganin kasuwa ta buɗe, sai masu shirya wasan suka juya ga Turai, inda ake da wuraren shaƙatawa na bakin teku da ke cika maƙil da baƙi duk lokacin hutu. Tun farko lissafin na kasuwanci ne: a kafa ɗan ƙaramin fili mai kujeru na wucin gadi, a kawo sanannun 'yan wasa, a sa kiɗa, a sayar wa talabijin.

Yadda ake buga shi

Yaron da ya taso yana buga ƙwallo ba takalmi a lungunan Gyadi-Gyadi ko a filin makarantar firamare a Tarauni a Kano zai ga kamar ya san wasan nan. Amma ƙasar unguwa tana da tauri, ƙwallo na gangarawa a kanta. Yashin filin gasa kuwa doka ta ce zurfinsa kada ya gaza santimita 40, kuma sai an tankaɗe shi an fitar da tsakuwa da duk abin da zai yanki ƙafa. Tsawon filin mita 35 zuwa 37 ne, faɗinsa 26 zuwa 28. Idan aka lissafa, fili ɗaya kan ci yashi kusan kubik mita 400, wato sawun tifa masu yawan gaske.

Kowane ɓangare na da mutum biyar har da mai tsaron gida, kuma ana canji ba adadi. Ana buga zubi uku, kowanne minti 12. Raga faɗinta mita 5.5, tsayinta mita 2.2. Babu satar gida. Ba a tashi kunnen doki: idan lokaci ya cika ana canjaras, sai a ƙara minti 3, in abin ya ƙi a je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wanda ya ci a cikin lokaci yana samun maki 3, wanda ya ci a ƙarin lokaci 2, wanda ya ci a bugun fenariti 1. Wanda aka ba jan kati ya fita ke nan, 'yan wasansa su ci gaba su huɗu har tsawon minti 2, ko har a zura musu ƙwallo.

Bugun tazara ne ya fi nuna bambancin wasan. Ba a yin katanga, kuma wanda aka yi wa ƙeta shi zai buga da kansa sai in ya ji rauni. Za ka ga ɗan wasa ya tattara yashi da gefen ƙafarsa ko da ƙwallon kanta, ya yi ɗan tudu kamar mai shirin shuka rogo, ya ɗora ƙwallon a kai, ya ja da baya. Idan ya buga ta ƙasa-ƙasa ta daki wani kwari a cikin yashin, sai ta sauya hanya, mai tsaron gida ya faɗi gabas ƙwallo ta shige yamma. Saboda yashi ba shi da amana haka, yawancin wasan a sama ake yin sa. Mai tsaron gida ya jefa wa ɗan gaba da hannu, shi kuma ya tare da ƙirji, ya ɗaga ta da cinya, ya ba raga baya, ya yi alkafura ya buge ta kafin ta taɓa ƙasa. Abin da a wasan ciyawa sai a shekara ba a gani ba, a nan abincin yau da kullum ne.

Shekarun farko, 1998 zuwa 2008

Ƙasashe bakwai ne suka buɗe gasar a 1998: Jamus da Faransa da Italiya da Fotugal da Sifaniya da Suwizalan da Yugoslabiya. Tsarin kamar na 'yan cin kasuwar ƙauye yake: wannan mako ana wannan gari, mako mai zuwa an tashi an koma wani, ana tara maki a kowane zango, wanda ya fi maki a ƙarshe shi ne zakara. Jamus ce ta ɗauki kofin farko, kuma har zuwa 2024 ba ta sake ɗaga shi ba.

Daga nan Sifaniya ta karɓi ragama, ta lashe a 1999 da 2000 da 2001, ta ƙara a 2003 da 2006, da Ramiro Amarelle a matsayin ginshiƙinta. A 2001 aka shigo da wasannin ƙarshe da ake kira Sufa Fainal, inda tawagogin da suka fi maki ke haɗuwa a gari guda su fitar da gwani. Na farko a Monte Karlo aka yi shi. A 2002 aka raba ƙasashe rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu, domin sababbin shiga sun yi yawa kuma ana yi musu ruwan ƙwallaye. A 2004 gasar ta koma sunan da take amsawa yanzu.

Babu wanda ya tallata wasan a Turai kamar Eric Cantona. Bayan ya bar Manchester United a 1997, ya rungumi ƙwallon yashi yana bugawa yana kuma horar da Faransa. Ƙasar ta lashe gasar Turai a 2004. A 2005, shekarar da FIFA ta karɓi gasar duniya a hannunta, Faransa ce ta ɗauki kofin a Riyo, a gaban 'yan Birazil. A shekarun farko na zamanin FIFA, ta cikin wannan gasa ta Turai ake samun tikitin zuwa kofin duniya, kafin a ware wasannin share fage na daban a 2008.

Fotugal ta fara cin kofin a 2002, ta ƙara a 2007 da 2008. Tauraronta shi ne João Victor Saraiva, haifaffen Luwanda ta Angola, wanda duniya ta sani da Madjer, laƙabin da ya samo daga sunan Rabah Madjer, ɗan wasan Aljeriya da ya yi tashe a Porto. A wannan zamani ne tsofaffin taurarin ciyawa suka fara ja da baya, aka sami samari da yashi ne sana'arsu tun farko. Wasan ya tashi daga nishaɗin masu hutu ya zama na motsa jiki mai tsanani, don gudu a yashi mai zurfi na cin ƙarfin cinya fiye da gudu a ciyawa.

Zamanin Rasha da ƙasashen da ba su da teku

A 2009 aka yi wa gasar garambawul. Aka tsayar da aji biyu, A da B, da hawa da sauka a tsakaninsu: ta ƙarshe a ajin manya sai ta kare kujerarta da zakarun ƙaramin aji, in ta faɗi ta koma cikin 'yan dagaji. Ajin A ya fara da ƙasashe 8, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa 12, sannan 16.

A wannan shekara ce Rasha ta ci kofinta na farko, ta ƙara a 2011 da 2013 da 2014 da 2017. Ƙasar da sanyi ke rufewa rabin shekara ba ta dogara da bakin teku ba. Ta kafa kulob-kulob da gasar cikin gida, ta zuba yashi a rufaffun ɗakuna ana atisaye ko da ƙanƙara na zuba a waje, ta kuma zo da salon sauya 'yan wasa huɗu a lokaci guda don kada ƙarfi ya ragu. A 2011 ta doke Birazil da ci 12 da 8 a wasan ƙarshe na kofin duniya a Rabenna ta Italiya, ta sake ɗauka a 2013 a Tahiti, da 2021 a Mosko, a filin da aka kafa a harabar Luzhniki.

Suwizalan, wadda duwatsu suka kewaye ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a Dubai a 2009, ta lashe gasar Turai a 2012 da 2022, da Dejan Stankovic a gaba. Belarus, ita ma ba teku, ta kai wasan ƙarshe na Turai a 2021, ta kuma kai na duniya a 2025 a tsibiran Seshel, inda Birazil ta doke ta. Yukren ta ɗauki kofin Turai a 2016.

Daga 2019 Fotugal ta dawo da ƙarfinta, ta lashe sau uku a jere har da na 2020, wanda annobar korona ta sa aka taƙaita shi a garin Nazare. A 2022 aka dakatar da Rasha saboda yaƙin Yukren. Zuwa ƙarshen kakar 2024 lissafin kofuna ya tsaya haka: Fotugal 9, Sifaniya 5, Rasha 5, Italiya 3, Suwizalan 2, sai Jamus da Faransa da Yukren kowacce 1. Wasan ya kuma shiga Wasannin Turai tun na farko a Baku a 2015, an buɗe wa mata tasu gasar a 2021.

Nijeriya da Afirka

Gasar Afirka ta fara ne a 2006 a Durban ta Afirka ta Kudu, Kamaru ta doke Nijeriya a wasan ƙarshe. Tawagar Nijeriya, Super Sand Eagles, ta huce haushi a 2007 da 2009 inda ta ɗauki kofin. Ta je kofin duniya sau shida tsakanin 2006 da 2019, ta kai zagayen 'yan takwas a 2007 da 2011. Wasanta da Birazil a Rabenna a 2011 yana cikin waɗanda ba a mantawa: sai da aka shiga ƙarin lokaci kafin Birazil ta yi nasara da ci 10 da 8. Audu Adamu, wanda aka fi sani da Ejo, ya daɗe yana horar da tawagar, Abu Azeez da Victor Tale kuma suna cikin sanannun 'yan wasanta.

A 2011 aka fara gasar gayyata ta Copa Lagos a Legas, wadda ta riƙa kawo tawagogin Turai su gwada ƙwanji da na gida. A 2016 Legas ta karɓi baƙuncin gasar Afirka, Sanagal ta doke Nijeriya da ci 8 da 4 a wasan ƙarshe, ta sake doke ta a 2018 a Masar. A kofin duniya na 2019 a Faraguwe, Nijeriya ta faɗa rukuni ɗaya da Fotugal da Birazil da Oman, ta sha kashi a duk wasanninta uku. Fotugal ce ta ɗauki kofin a shekarar. Tazarar ba ta rasa nasaba da yadda ake shiri: ɗan wasan Fotugal ko Italiya yana buga zango bayan zango a gasar Turai duk shekara, ban da wasannin kulob ɗinsa, na Nijeriya kuwa a lokacin ba shi da gasar ƙasa, sai an kusa tafiya a tara su a sansani.

Arewa

Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne daga inda yunƙurin cike wannan giɓi ya fito. Jihar Kebbi, mai nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, ta kafa ƙungiyar ƙwallon yashi da gasarta ta jiha a Birnin Kebbi, a ƙarƙashin jagorancin Mahmud Hadejia. Da aka ƙaddamar da gasar ƙwallon yashi ta Nijeriya a 2021, kulob-kulob na Kebbi da Kaduna suna cikin na sahun gaba, kuma an ɗauki tsari irin na Turai, ana buga zango a wannan jiha a koma waccan. Ɗaya daga cikin kulob ɗin Kebbi ma sunan masunta ya ɗauka, abin da ke tuna wa mutum Argungu.

A Kano har yanzu wasan ciyawa ne ke da kasuwa. Gidajen kallon ƙwallo na Tarauni da Gyadi-Gyadi Firimiya da Laliga da gasar Zakarun Turai ke cika su, ranar wasan Kano Pillars kuma a nufi filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Sai dai kayan da ƙwallon yashi ke bukata ba baƙi ba ne a garin. Kullum tifofi na wucewa ta titin Zariya ɗauke da yashin rafi zuwa wuraren gini, kuma filin wasan gaba ɗayansa bai kai kashi ɗaya cikin shida na filin ciyawa ba. Ba ya son ban ruwa irin na ciyawa, ba ya son takalmi mai tsada. Babbar matsalarsa a ƙasa mai rana ita ce zafin yashi a tafin ƙafa, shi ya sa a wurare masu zafi akan yayyafa wa fili ruwa kafin wasa, ko a jira la'asar ta yi sanyi.